Zuwaira da Ƙararrawar Malam Sahabi

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Filinge ya san Zuwaira, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Rumfarta na kusa da ta masu tattasai, kuma mutum kan zo sayen tiya ɗaya ya ɓata rabin sa'a tsaye yana jin labari. Shekarunta hamsin da 'yan kai. Ubanta Bakurfaye ne na Tungar Kailu, wani ɗan ƙauye a gefen kwarin Dallol, uwarta Kubura kuwa Bazabarma ce da aka auro daga wajen Damana. Da harshe biyu bakinta ya tashi, sannan zirga-zirgar kasuwar Baleyara ta ƙara mata Faransancin direbobi da gaisuwar Buzaye. Idan ta soma magana ba ta tsayawa tambayar kalma garinsu.

Kowace shekara bayan hatsi ya shiga rumbu, akan yi Ranar Kurfayanci a filin lakwal, wato makarantar boko, ta tsakiyar gari. Malam Sahabi ne ya kafa ta, tsohon direktan lakwal ɗin, dogon mutum mai furfura wanda ba a taɓa ganinsa ba tare da littafin rubutu a aljihun riga ba. Yana yaro an sha dukansa don ya yi Hausa a aji. Da ya je karatu Yamai kuma, abokansa daga gabas suka riƙa kwaikwayon maganarsa suna dariya, suna cewa wannan ba Hausa ba ce, dambu ne aka cuɗa. Abin ya zauna masa a rai shekara arba'in. Da ya ajiye aiki sai ya shiga ƙauyuka yana rubuta kalmomin tsofaffi, ya kuma kafa bikin don a nuna wa duniya Kurfayawa na da harshensu tsab.

A bikin akan baje kayan gona da na saƙa, a yi kiɗa, a ci abinci, amma babban abu shi ne gasar ba da labari, wadda ake ba wanda ya ci kyautar rago. Gasar na da doka ɗaya, ta Malam Sahabi. Yakan zauna a teburin alƙalai da tsohuwar ƙararrawar lakwal a gabansa. In mai labari ya saki kalmar da ba Hausa ba, sai ya kaɗa. Kaɗawa uku, mutum ya fita.

Shekara huɗu ana yi, kuma duk huɗun malaman lakwal ne suka ci, don su kan rubuta labarinsu a takarda su tace shi kamar gari, su karanta a hankali. Jama'a kan tafa don ladabi. Shekarar da ta gabata, kafin na ƙarshe ya gama, rabin filin ya koma wajen masu tsire.

Zuwaira ba ta taɓa tunanin shiga ba. Amma a watan azumin bana Kubura ta rasu a ɗakinta, da shekara kusan tamanin. Wajen zaman makoki Zuwaira ta lura jikokin tsohuwar ba su san komai game da ita ba, sai dai tana da faɗa kuma ba ta yarda a zubar da ƙwayar hatsi ko ɗaya. Wannan ya dame ta fiye da yadda ta zata.

Ta faɗa wa Maimuna, maƙwabciyar rumfarta mai sayar da wake, wadda suka yi shekara ashirin suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

"Ke?" in ji Maimuna. "Gaisuwa kaɗai za ki yi ya kaɗa miki uku."

"Ina iya kiyaye bakina."

"To gwada mu gani."

Maimuna ta ɗauki ludayi da kwanon awo ta zama Malam Sahabi. Kwana shida suna yi, duk lokacin da ciniki ya lafa. Ranar farko kwanon ya yi ƙara sau goma sha ɗaya. Ranar shida bai yi ko sau ɗaya ba, Zuwaira ta kai ƙarshen labarin lafiya lau, ta dubi ƙawarta tana jiran yabo.

Maimuna ta ajiye ludayin. "Kin tsira. Amma wagga mata da kika ba ni labarinta, ni ban san ta ba. Ba Inna Kubura ba ce."

Zuwaira ita ma ta ji haka. Ta kawar da duk maganar uwarta ta maye ta da Hausa mai kyau, sai tsohuwar ta fito kamar wata baƙuwa mai ladabi da ta zo wucewa.

Washegari ta rufe buhunanta ta tafi gidan Malam Sahabi. Ta same shi a zaure yana rubuta sunayen hatsi a kan ƙananan kwalaye, waɗanda za a jingina a teburin baje kolin kayan gona. Suka gaisa, ta durƙusa gefe ta faɗi abin da ya kawo ta: akwai magana ɗaya ta uwarta da take so a bar ta ta faɗa yadda aka faɗe ta.

Ya saurare ta har ƙarshe, ya yi mata gaisuwar rashi da gaske. Sannan ya ce, "Zuwaira, in na buɗe miki ƙofa, gobe wani shi zo da Faransanci, jibi wani da Turancin Najeriya. Rana ɗaya ce tak cikin shekara muka ware ma harshenmu. Ki hwaɗi maganar da Hausa, ma'ana ɗaya ce."

"Ma'ana ɗaya ce, Malam, amma ba bakinta ba ne."

"Doka ta hau kowa. Ko ni in na yi kure, a kaɗa mini."

Ta yi godiya ta fito. A hanya ta yanke shawara za ta shiga duk da haka, abin da zai faru ya faru.

Ranar bikin gari ya waye da sanyi-sanyi. Tun hantsi amalanke da babura ke sauke mutane daga ƙauyuka, har da na Tondikandiya da Bonkuku da suka zo kallo da ciniki. An kafa rumfuna, an jera kujerun manya a inuwar bedi, an baje dammunan hatsi da dawa da wake a dogon tebur, kowanne da kwalinsa. Bayan azahar aka soma gasar. Alƙalai biyu ne, Malam Sahabi da Ibrah, wani ma'aikacin gidan magajin gari da ba ya son a ɓata lokaci.

Mutum huɗu suka riga ta. Biyu ƙararrawa ta kore su tun ba su yi nisa ba. Na huɗu, Mushe Bashir, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, mai koyar da ajin ƙarshe, ya karanta labarin wani maharbi ba tare da kure ko ɗaya ba, aka tafa masa, kowa ya ɗauka an gama.

Da aka kira Zuwaira sai 'yan kasuwa suka matso. Ta fito da zanen atamfa shuɗi da ta ɗinka tun sallah, aka miƙa mata mikro, ta riƙe shi nesa da baki kamar mai riƙe da wuta. Ta yi sallama, ta gai da manya, ta soma.

"Shekarar tamanin da huɗu ina da shekara goma sha biyu. Waɗanda sunka gani sun sani, waɗanda ba su gani ba Allah shi sa kar su gani. Ruwa ya zo sau biyu yat tahi. Hatsi ya kai gwiwa ya ƙone tsaye. Kahin sanyi shi shigo, mazan Tungar Kailu duk sun watse neman abinci, har da babanmu. Anka bar mata da ɗiya da tsohhi."

Filin ya ɗan lafa. Ta ba su labarin yadda suke tashi da asuba su hau tudu ɗiban anza, yadda ake jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, yadda ƙanenta Zaidu, ɗan shekara huɗu, ya daina kuka don ba shi da ƙarfin yi.

"In Allah ya taimake mu munka samu ganye, sai Inna ta yi muna kopto, ba ƙuli ba gishiri..."

Ƙararrawa ta kaɗa. Aka yi 'yar dariya, wata tsohuwa a gaba ta ce, "To mi za a ce mishi in ba kopto ba?" Zuwaira ta ci gaba, tana taka kowace kalma a hankali kamar mai tsallaka kwalbati.

Ta faɗi yadda wata rana tana shara ta ga ƙasar ƙarƙashin gadon uwarta ba ta yi kama da sauran ba. Ta tona da hannu ta tarar da bakin tulu an liƙe da laka. Ta fasa gefe ta zura hannu, ta ji hatsi, cike har wuya, zaɓaɓɓen iri na shekarar da ta wuce.

"Muna ta jiran taimako. Kullum a ce gobe kamiyo na zuwa..."

Ƙararrawa ta sake kaɗawa, don kamiyo sunan babbar mota ne da Faransanci. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Daga baya wani ya ce, "Haba Malam," Ibrah ya ɗaga hannu a yi shiru.

Zuwaira ta tsaya. Ta ga Maimuna a gefen rumfa ta dafe kai. Saura ɗaya, kuma ta san abin da ke gabanta. Tana iya faɗinsa da Hausa kamar yadda ta koya da ludayi da kwano, ta kai ƙarshe lafiya. Ta ci gaba har inda uwarta ta shigo ta same ta da hatsi a hannu biyu, tana kuka tana cewa a dafa wa Zaidu, tana kiran uwarta marar tausayi. Sannan ta juya ta fuskanci teburin alƙalai.

"Malam, yanzu Inna za ta yi magana. Ɗauki abinka."

Ta sauke murya, ta zama ta wata mace daban, mai kaushi, mai gajiya.

"Ay ize, kala suuru. Irkoy go no."

Ɗiyata, sai haƙuri, Allah na nan. Babu wanda ya nemi a fassara masa. Matan Damana da ke zaune a tabarma suka amsa da nishi ɗaya, na Kurfai ma haka, don rabin filin da irin wannan magana aka yi musu reno. Malam Sahabi ya ɗan jima da hannu a kan ƙararrawar. Sannan ya kaɗa, a hankali, amma kowa ya ji.

"Ta fita," in ji Ibrah, yana duba takardarsa. "Na gaba."

"Na fita gasa," Zuwaira ta ce, "amma Inna na tsaye tsakar ɗaki da tulu buɗe. In bar ta nan?"

"A'a," filin ya amsa, ba murya ɗaya ba, ba goma ba. Masu tsire sun bar wutarsu sun matso. Mutumin da aka kira na gaba ya koma ya zauna da kansa. Ibrah ya dubi Malam Sahabi, shi kuwa ya ɗaga kafaɗa ya janye hannunsa daga tebur.

Daga nan Zuwaira ta daina kiyaye bakinta. Ta matso da mikro, ta gyara ɗaurin zane, ta zama Zuwairar rumfa. Ta yi muryar uwarta da Zabarmanci tana sake liƙe tulun, tana cewa wanda ya ci wannan ya ci shekara mai zuwa. Ta yi muryar wata Buzuwa da ta sauka bayan gari da akuya biyu da suka rage mata, wadda Kubura ta riƙa ɗebo wa ruwa daga rijiya mai gaba ashirin, ita kuma tana ba Zaidu madara ludayi ɗaya kullum har ya miƙe. Ta yi muryar direban da a ƙarshe ya iso da masara ja, yana zagin yashi da Faransanci, filin ya fashe da dariya, tsofaffi na dariya suna share ido.

Sannan ta kawo su ga ruwan farko na shekarar da ta biyo. Maza sun dawo, ƙasa ta jiƙu, amma duk Tungar Kailu babu gidan da ke da iri, an cinye tun tuni. Mutane na tsaye bakin gonaki da kalme a hannu ba abin jefawa. Sai ga Kubura, baƙuwar da ake yi wa dariya don Hausarta ba ta fita, ta fito da tulu a ka ta dire gindin gawo. Ta zauna da ɗan ƙoƙo tana auna wa kowane gida, gida ashirin da bakwai, har gidan matar da ta fi kowa tsokanarta. Nata rabon bai fi na kowa da ƙwaya ɗaya ba.

"Shekaran nan hatsi ya yi abin da ban sake gani ba. Gajere ne, mai saurin kai, kwana saba'in an yanke. Har yau shi mutanenmu ka shibkawa. Wannan ita ce uwata, Kubura ɗiyar Damana. Na gama."

Kafin a soma tafi, wani tsoho ya miƙe daga cikin mutanen ƙauye, yana dogara sanda. Ya nufi teburin kayan gona, ya zaro zangarniya ɗaya daga wani dami, ya ɗaga sama.

"Ni mutumin Tungar Kailu ne. Gidanmu na cikin ashirin da bakwai ɗin. Ga shi nan, shi ne wanga. Malam, karanta muna abin da ka rubuta jikinshi."

Aka miƙa wa Malam Sahabi kwalin. Rubutunsa ne, da hannunsa. Ya karanta a fili: "Hainikubura. Gajeren hatsi, tsohuwar kalmar Kurfai." Ya tsaya. Ya sake duba kwalin, leɓunansa na motsi. Haini, hatsi ke nan da Zabarmanci. Hainin Kubura. Shekara uku kalmar na cikin littafinsa, yana nuna ta ga baƙi a matsayin shaidar Hausar kakanni da ba a samu a gabas.

Sai ya soma dariya. Ya cire tabarau, ya dafa tebur, ya yi dariyar da mutanen Filinge ba su taɓa jin ya yi ba, har Ibrah ya miƙa masa ruwa. Filin ya kama, guɗa ta tashi daga wajen 'yan kasuwa, Maimuna ce ta fara.

Da aka lafa, Ibrah ya ce a ƙa'ida Mushe Bashir ne ya ci, shi kaɗai ya gama ba kure. Bashir ya miƙe daga kujerarsa ya ce shi dai ba zai iya ɗaukar ragon nan ya ratsa kasuwa da shi ba, matarsa ma ba za ta buɗe masa ƙofa ba.

Malam Sahabi ya karɓi mikro. "Ni na kafa dokar ga, don an yi mini dariya ina saurayi, na ji ciwo. Na so in nuna ba mu ari komi wurin kowa ba. To ga shi mun ara, har abin da muke ci. Daga yau mai labari shi yi magana yadda ake yi gidansu. Zuwaira, zo ki amshi abinki."

Rago ne fari mai baƙin kunne, da turmin atamfa. Ba a bar ta ta ja shi da kanta ba. 'Yan kasuwa suka kewaye ta, masu kalangu suka bi baya ba wanda ya kira su, aka fito daga filin lakwal aka bi babbar hanya da la'asar. Matan Damana na riƙe hannunta suna ce mata fofo, fofo, wato sannu da Zabarmanci, wata tsohuwa cikinsu ta ce ta san gidan su Kubura, ƙofarsu na duban tasu. Jikokin Kubura na gaba suna faɗa wa duk wanda suka gamu da shi cewa kakarsu ce. Zuwaira na tafe tana dariya, hawaye na zuba, ba ta damu ta share ba.

Wani ya ɗauki labarin a salula, kafin magariba ya kai inda ba ta zata ba. Tana isa gida wayarta ta yi ƙara. Zaidu ne daga Kwatano, inda yake sayar da kayan babur shekara goma sha biyar. Tana jin hayaniyar titi a bayansa.

"Yaya, ban san da Buzuwar nan ba," ya ce. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Kana ƙarami."

"Ina zuwa gida bana. Ki kai ni Tunga."

An yanka ragon ranar Juma'a aka yi wa Kubura sadaka, aka aika cinya ɗaya gidan Malam Sahabi.

Shekarar da ta zagayo mutum talatin da ɗaya suka rubuta suna, manoma da mahauta da wata ungozoma daga Bonkuku da wani tsohon direba da ya yi rantsuwa labarinsa ba ƙarya ko ɗaya. Dole aka mai da bikin kwana biyu, aka ƙara rumfuna har bakin katanga. Alƙalai sun zama uku. Zuwaira ta zauna tsakanin Malam Sahabi da Ibrah, ta bar wa Maimuna tsaron buhuna, kuma sau biyu Ibrah na taɓa ta yana tuna mata cewa alƙali ba ya taya mai labari magana.